Yadda Malam Jadawali Ya Ceci Waken Dakta

Ranar da jami'a ta koma karatu, Malam ya shigo gida da wata takarda mai faɗin tabarma a kafaɗa, da kwalin alƙaluma masu launi a hammata, da guduma a hannu. Bai ko amsa sannu da zuwa ba. Ya sauke hoton aurensu daga bangon falo, ya kafa takardar a gurbinsa da ƙusa huɗu.

"Daga yau," in ji shi, "gidan nan ya daina tafiya da ka. Kamar agogo zai riƙa tafiya."

Matarsa ta ɗago kai daga takardun ɗalibai da take dubawa. Ita ma malama ce a jami'ar, a sashen aikin gona, kuma kowa Dakta yake ce mata, har shi kansa. Shi kuwa a sashen tsare-tsare da gudanarwa yake, shekara tara ke nan yana gab da kammala nasa digirin na dakta. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Jadawali, domin makonni uku na farkon kowane zango a kan bayanin jadawalin darasi suke ƙarewa.

"Ina za a kai hoton, Malam?" ta tambaya.

"Hoto tarihi ne, Dakta. Wannan kuwa makoma ce."

Ya ɗauki sandar tsintsiya ya shiga nuni. Ja na aikin jami'a ne. Kore na hidimar gida. Rawaya na yara: babbarsu da ake kira Yaya, mai shekara goma sha ɗaya, da Auta mai biyar. Shuɗi na Inna ne, mahaifiyarsa, wadda ke zaune da su. Kowace rana ta shekara tana da akwatinta, kowane akwati an yanka shi awa-awa. Har hira an ware mata minti ashirin bayan cin abincin dare.

Inna ta matso da fuskarta kusa da takardar, ta daɗe tana kallo.

"Kai, ɗan nan, duba min ko akwai fili ranar Laraba."

"Na me, Inna?"

"Ko ajalina zai zo. Kada in mutu a cikin awar wankin kwanuka in ɓata maka tsari."

Ba a yi kwana goma ba agogon ya fara tsalle. Wajen kwafe mako na biyu Malam ya zame layi ɗaya, sai ga shi ranar Asabar da sassafe ya tasa yara gaba, an yi musu wanka, an sa kayan makaranta, suna hamma. Ya tarar da ƙofar makaranta a kulle, ya tsaya yana yi wa maigadi huɗuba a kan sakaci da aiki. Maigadi ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce, "Malam, ko dai yaran ka bar min su har Litinin?"

Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidansu, yana taka keken ɗinki ya ga dawowarsu.

"Malam, har an tashi? Lallai karatun zamani sauri gare shi!"

"Gwajin hanya muka je," Malam ya ce, ya wuce ciki bai waiwaya ba.

Sai ya sayo ƙararrawa don kiran cin abinci. Da ya kaɗa ta a ranar farko, yaran layi goma sha huɗu suka yi cirko-cirko a ƙofar gida, sun ɗauka mai askirim ne ya zo. Inna ta ce tun da an kira su, ba za a kore su ba. A ranar Malam gayan burodi ya ci.

A tsakiyar zango kuma jadawali ya aika shi babban zaure na biyu maimakon na huɗu. Awa biyu cur ya yi yana koyar da dabarun tafiyar da ma'aikata ga ɗaliban likitancin dabbobi. Suka yi tsit suna rubutu, da ya gama suka tafa masa. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, duk wannan a kan shanu ma yana aiki?" Nasa ɗaliban kuwa, su ɗari biyu, suna can zaure na huɗu suna barci a kan tebura.

Shugaban sashe ya kira shi ofis.

"Malam, ka san dai a ina kake aiki?"

"Ranka ya daɗe, tsarin ba shi da laifi. Zauren ne aka gina a inda bai dace ba."

Ana cikin haka wasiƙa ta zo wa Dakta. Wata jami'a a ƙasar waje ta gayyace ta wata uku, duk tsawon dogon hutu, da wurin zama har na iyali. Shekara uku ta yi tana haɗa irin wake tana tacewa, tana neman wanda zai jure fari. Abin da ya rage mata duka-duka ƙwayoyi ne da ba su cika tafin hannu ba, kuma can ne ake da ɗakin gilashi da na'urorin da za a gwada su.

A kan tebur, cikin minti ashirin na hira, ta yi musu bayani.

"Tukwane sittin zan shuka. Talatin za a riƙa ba su ruwa kullum. Talatin kuma, da sun yi mako bakwai, za a yanke musu ruwa gaba ɗaya har kwana ashirin, mu ga wanda zai rayu. Su ne aikin. Ko cokali ɗaya na ruwa ya shiga cikinsu, shekara ukun nan ta tafi, don ba ni da sauran iri."

"Wato horon ƙishirwa za ki yi musu," in ji Inna.

"Shi ke nan, Inna, kin gane."

"Madalla, madalla," in ji Malam. Kansa na sunkuye, yana shafa wa watannin hutu sabon launi. "Wake abu ne mai albarka. Yaya, miƙo min alƙalamin nan ruwan hoda."

Kashegari tun kafin Tela ya gama buɗe shago Malam ya isa da yadi a hannu, yana son riga mai aljihu shida.

"An gayyace mu ƙasar waje," ya ce, da ƙarfin da mai shagon gefe zai ji.

"Ku, ko ita?"

"Ai miji da mata abu ɗaya ne."

"Na ji Inna ta ce a takardar an rubuta maka mai rakiya."

"Kalmar tasu ce haka. A can mai rakiya shi ne mai ba da shawara. Ita wake za ta shuka, ka san aikin nasu, tono da yayyafi. Ni kuwa littafi zan rubuta. Gida Kamar Agogo. Na riga na tara kati ɗari huɗu, kowane da launinsa. Kafin mu dawo, sunana ya riga ni isowa."

"Allah ya sa ya sami ƙofa a buɗe," in ji Tela. "Kada ya zo ranar Asabar."

Inna ta ce ita ba za ta hau abin da ba a iya cewa direba ya tsaya ba. Aka bar ta da ƙanwar Dakta, su huɗu suka tashi.

Abin da ya fara karya jadawali a can rana ce. Malam ya rubuta barcin yara ƙarfe takwas, amma ƙarfe takwas ta yi rana na nan tsaye kamar la'asar. Ya ja labule, Auta ya buɗe. Ya rataya bargo, Auta ya leƙa ta ƙasa.

"Baba, gari bai yi duhu ba."

"Jadawali ya ce dare ya yi."

"To ranar nan ba ta iya karatu ba ne?" in ji Yaya.

Mai masaukin Dakta wata tsohuwar farfesa ce mai farin gashi, gajeruwa, mai tafiya da sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Ranar da ta zagaya da su, Malam ya gyara aljihunsa shida ya tambaya ina ne ofishinsa. Farfesa ta dubi Dakta, Dakta ta dubi silin. Ginin a kan gangare yake: ɗakin gilashi a sama, ƙarƙashinsa kuma wasu ɗakuna da ƙofarsu ke buɗewa zuwa farfajiyar baya. A nan aka samo masa wani ɗan ɗaki da masu shara ke ajiye bokitai, mai tebur ɗaya da famfo a lungu. Ya jera katunansa ɗari huɗu a ƙasa, layi-layi, launi-launi, domin teburin ya yi musu kaɗan. Ya shimfiɗa babban jadawalin a gefe. Ya fito ya rufe ƙofa, ya tsaya a gabanta Yaya ta ɗauke shi hoto, ya aika wa Tela da shugaban sashe: "Gaisuwa daga ofishina."

Mako takwas suka shuɗe. Waken Dakta ya fito kore shar, aka yanke wa talatin ruwa kamar yadda aka tsara. Littafin Malam kuwa ya sami suna, da sadaukarwa, da shafin godiya.

A mako na tara aka kira Dakta da Farfesa wani taro a wani gari, kwana huɗu. Ma'aikacin ɗakin gilashi yana hutu, kusan duk ginin ma an watse. Dakta ta juya mabuɗin a hannunta ta sake juyawa kafin ta miƙa wa mijinta.

"Malam, ka saurare ni. Akwai ma'aunin zafi a jikin ƙofa. Safe da yamma ka karanta, ka rubuta lambar a wannan littafi. Shi ke nan. Masu shan ruwa suna da bututunsu, shi ke ba su da kansa. Kada ka taɓa komai."

"Haba Dakta, sai ka ce yaro."

"Maimaita."

"Kada in taɓa komai."

Duk da haka, kafin ta tafi sai da ta sa ƙaramin kwaɗo ta kulle famfon ɗakin, ta jefa mabuɗinsa a jakarta. Shekara goma sha biyu da aure ba wasa ba ne.

Da safe Malam ya shiga ɗakin gilashi da yara a bayansa. Ya karanta ma'auni, ya rubuta lamba. Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. Sai ya juya.

A dama tukwane talatin, ganye a miƙe, suna sheƙi. A hagu talatin, ganye ya lanƙwashe ya yi laushi kamar kunnen tsohon kare, ƙasar cikinsu ta tsattsage.

"Innalillahi!" Ya dafe ƙirji. "Kun ga abin da nake faɗa? Rashin tsari! An sa wa rabi bututu an manta da rabi. Shekara uku na wahalar uwarku za su mutu a tsaye."

"Baba," in ji Yaya, "ai Mama ta ce..."

"Mamanku ƙwararriya ce a wake, ban musa ba. Amma gudanarwa fanni ne daban."

Yaya ta nuna masa wani allo da aka rataya a kan tukwanen, da manyan haruffa. "Ga shi an rubuta kada a ba su ruwa."

"Wannan don masu shara aka rubuta, masu kwara ruwa ba lissafi. Ba da masana ake ba."

"To in ruwan za ka ba su, ga bokiti a ofishinka."

Malam ya dube ta kamar ta zage shi.

"Bokiti? Ni? In haye teku in zo in ɗauki bokiti? Kuma na yi wa uwarku alkawari ba zan taɓa komai ba. Na'ura ce za ta yi aikin, hannuna ba zai kusanci ganye ba. Wannan shi ne babi na ɗaya na littafina. Kuma kada wanda ya faɗa mata, mamaki za mu ba ta."

Da ya ga famfon ɗakin a kulle, bai karaya ba, ya tuna da na ofishinsa. Ya tafi shagon kayan aikin famfo ya sayi tiyo guntu-guntu har biyar, domin masu launi ba su zo da tsawo ba, da salatif, da wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa famfo a buɗe shi daga waya. Mai shagon, wani dattijo mai gashin baki kamar burushi, ya tambaye shi ina ruwan zai je.

"Daga ɗakin ƙasa zuwa na sama."

"Famfon yana da ƙarfi?"

"Famfo ne dai."

"In za ka haɗa tiyo biyar, ka sayi mahaɗi na ƙarfe. Salatif ba ya riƙe ruwa mai hawa."

"Dattijo, kai kana sayarwa ne, ni ina tsarawa. Ruwa tsari yake bi."

Mai shago ya ɗaga kafaɗa ya miƙa masa leda.

Yini guda Malam ya yi yana aiki. Ya ɗaura ja a bakin famfo, ya haɗa shi da kore, kore da rawaya, ya naɗe kowace mahaɗa da salatif, ya fitar ta 'yar tagar ofis, ya hau da shi jikin bango, ya shigar ta tagar ɗakin gilashi. Na ƙarshen ya huda shi da ƙusa sau talatin, ya shimfiɗa a kan tukwanen hagu. Ya kulle ofis, ya saita waya: kullum da asuba, minti goma.

"Baba, ba za a gwada ba?" in ji Yaya.

"Mai shakka ne ke gwaji."

Da yamma Dakta ta kira.

"Ya wake?"

"Suna hannu nagari."

"Malam, ka taɓa wani abu?"

"Wallahi ko ganye ɗaya hannuna bai taɓa ba."

Washegari ya je da sauri ya ga abin al'ajabi. Tukwanen na nan yadda suke, ganye ma ya ƙara sunkuyawa. Ya shafa gemu.

"Ƙishirwar ta yi nisa. Ƙasar ta shanye kafin in iso."

Ya ciro waya ya mai da minti goma awa ɗaya. Rana ta uku ya tarar ganye biyu sun faɗo. Ya mai da ita awa uku, safe da rana. Auta ya ce yana jin wani abu na ƙara a ƙasa kamar ana wanka. Malam ya ce wannan sautin ci gaba ne. Ofis kuwa bai sake leƙawa ba, ya ce marubuci na gaskiya sai ya bar tunani ya nuna.

Rana ta huɗu ya sa rigarsa mai aljihu shida. Dakta ta aiko cewa za su iso da la'asar tare da wasu manyan masana shida daga taron, suna son ganin gwajin da idonsu. Malam ya ga dama ta samu. Ya kira Tela ta bidiyo da wayar Yaya, ya ce a tara jama'a. Kafin la'asar shagon Tela ya cika: ga Inna a kan kujera a gaba, ga ƙanwar Dakta, ga mai shagon gefe, ga yaran layi, har shugaban sashe da ya zo karɓar ɗinki aka ba shi benci. Malam ya ba Yaya wayarta ta riƙe, ya ce ta tabbata fuskarsa na tsakiya.

Ƙofa ta buɗe. Farfesa ta shigo da saurinta, baƙi na biye, Dakta a ƙarshe da jaka a kafaɗa. Idonta ya sauka a kan tiyo mai huji talatin da ke kwance a kan tukwanenta. Ta tsaya cak.

Malam ya yi gyaran murya.

"Manyan baƙi, da 'yan uwa da ke kallo daga gida, barkanku. A ranar da matata ta tafi, na tarar da rabin aikinta a bakin mutuwa saboda an manta da shi. Wani da sai ya yi kuka. Wani da sai ya ɗauki bokiti. Ni kuwa na zauna na yi tsari. Kwana uku ke nan wannan na'ura tawa tana shayar da tukwanen nan talatin, jimilla awa bakwai da minti goma!"

Ya dakata don a tafa.

Ba wanda ya tafa. Wani dogon baƙo ya cire tabarau. Farfesa ta rufe baki da hannu biyu. Jakar Dakta ta zame daga kafaɗarta ta faɗi ƙasa tim.

"Awa nawa?" ta ce, muryarta can ƙasa.

"Bakwai da minti goma. Kada ki gode min a gaban mutane, Dakta."

Daga cikin waya muryar Inna ta fito tar, har baƙi suka waiwaya.

"Kai, ɗan nan! Ba waɗannan ne masu horon ƙishirwa ba? Ni da ban taɓa shiga aji ba ma na gane, kai da kake zaune a teburin kana me?"

"Inna, wannan magana ce ta ilimi..."

"Shekara uku, Malam," in ji Dakta. "A gabanka na faɗa. Ko cokali ɗaya, na ce."

A nan ne abin ya fara shigarsa. Ya dubi allon da aka rataya, ya dubi Yaya, Yaya ta kawar da kai amma ba ta kawar da wayar ba. Ya laluba aljihu na ɗaya, na biyu, har na shida, bai sami abin cewa a ko ɗaya ba.

Dakta ta taka a hankali zuwa tukunyar farko, kamar mai zuwa duba gawa. Ta cusa yatsa a ƙasar. Ta ciro. Ta dube shi. Ta matsa ta biyu ta cusa, ta uku, ta huɗu. Farfesa ta zaro wani ɗan ƙarfen awon danshi daga aljihu ta bi layin da shi tun daga wancan ƙarshen. Suka haɗu a tsakiya.

"A bushe," in ji Farfesa.

"Ƙurmus," in ji Dakta.

Dogon baƙon ya ɗaga tiyon ya girgiza. Ƙura ce ta fito, da wani ɗan gizo-gizo da ya riga ya tare a ciki.

Maimakon Malam ya yi hamdala ya yi shiru, sai abin ya taɓa masa martaba.

"Ba zai yiwu ba! Na'urata tana aiki. Ku tsaya ku gani."

"Malam, kada ka..."

Ya riga ya ciro tasa wayar ya danna.

Tiyon bai ko motsa ba. Amma daga ƙarƙashin ƙafafunsu aka ji wani gurnani, sai ƙara kamar an fasa ganga. Auta, wanda hancinsa ke manne da gilashi, ya yi tsalle.

"Baba! Kogi! Kogi ya fito daga ofishinka!"

Kowa ya ruga jikin gilashi. A farfajiyar baya, mai kula da ginin, wanda ya dawo daga hutu a ranar ya ga ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofa, ya sa mabuɗi ya buɗe ɗakin bokitai. Ruwan kwana uku, wanda tun a mahaɗar farko ya yaga salatif ya yi zamansa a ɗakin, ya fito gaba ɗaya ya zaunar da shi a ƙasa. Bokitai suka biyo suna juyi. A bayansu katuna ɗari huɗu, ja da kore da rawaya da shuɗi, suka bazu a farfajiya suna iyo, tawada na zuba daga jikinsu. Daga ƙarshe babban jadawalin ya fito a shimfiɗe, a natse, ya bi gangare ya nufi magudana.

Yaya, da yake an ce ta riƙe waya da kyau, ta juya ta ga taga.

Shagon Tela ya kece. Ana jin wani na buga benci. Shugaban sashe yana tari yana cewa a ba shi ruwa, Tela ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ai yana wurin Malam!" Sannan ya matso da fuskarsa har ta cika wayar.

"Malam! Littafin ne wancan? Lallai ka ce zai riga ka isowa. Ta ruwa ya biyo ke nan?"

Mai kula da ginin ya hawo, wando na ɗiga, riƙe da wani jiƙaƙƙen kati. Ya tambaya wane ne mai wannan. Ba wanda ya nuna Malam, amma kowa shi yake kallo. A jikin katin ana iya karanta layi ɗaya da bai wanke ba: "Babi na ɗaya: kome da lokacinsa."

Dakta ta zauna a kan wani juyayyen bokiti. Kafaɗunta na rawa, Malam ya ɗauka kuka take. Ya matso a ɗarare.

"Dakta, ni fa niyyata..."

Ta ɗago, hawaye na zuba, dariya ta hana ta numfashi.

"Malam, shekara goma sha biyu ina roƙon Allah ya sa ka iya haɗa abu ɗaya ya yi aiki. Yau na gode masa da bai amsa ba."

Sauran makonni ukun Malam a farfajiyar baya ya yi su, shi da mai kula da gini, yana kwashe ruwa yana goge bango. Da bokiti. Daga cikin tukwane talatin na hagu, bakwai suka rayu har suka yi fure, kuma a kansu ne Dakta ta rubuta maƙalar da wata babbar mujallar masana ta buga bayan sun dawo.

Ranar da mujallar ta iso, hoton aure ya riga ya koma bangon falo, a tsakiyar ramukan ƙusa huɗu. Malam ya buɗe shafin ƙarshe, inda marubuci ke gode wa waɗanda suka taimaka, ya karanta, ya miƙe zumbur, ya tsallaka titi ko takalmi bai gama sawa ba.

"Tela! Ajiye almakashin nan ka gani. Ni ne nan, a mujallar duniya!"

Tela ya karɓa ya karanta da ƙarfi, yadda mai shagon gefe zai ji: "Ina kuma godiya ta musamman ga mijina, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa, bai ba su ruwa ba."

"Ka ji ko? Ta musamman! Ko Farfesa ba a ce mata ta musamman ba."

Inna na zaune a ƙofar gida tana shan iska. Ta gyara mayafi ta ce, "Tela, ka taya ni murna. Na haifi ɗan da duniya ta san shi a kan aikin da bai yi ba. Ka yi masa addu'a ya ɗore a haka."